Wai Sai An Gwada Jinina

Ku yi min uzuri yau idan kun ga rubutuna yana tsalle-tsalle. Tun jiya da safe haushi bai sake ni ba. Wata a cikinku ta taɓa rubuto min cewa in dinga bari zuciyata ta huce kafin in zauna rubutu. Na gode 'yar'uwa, amma yau kam ba zan iya ba. Da zafinsa zan zuba muku.

Ga wanda bai san ni ba: malamar firamare ce ni, aji uku nake riƙe da shi, yara arba'in da shida. Shekarata ashirin da shida, ni ce auta a gidanmu. Sati biyar ke nan da likita ta gaya mana Babanmu yana da ciwon daji a mafitsara, kuma saura kwana goma sha biyu a shiga da shi tiyata. Sai mutumin da nake shirin aura, wanda duk layinmu suke kira Mai Kemis saboda shagonsa na magani da ke bakin titi.

Ciwo ne ma ya haɗa mu. A makarantarmu banɗakin malamai guda ɗaya ne, ƙofarsa ba sakata, famfonsa ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Don haka daga bakwai na safe har biyu na rana riƙe fitsari nake yi, ruwa ma ba na sha don kada ya matse ni. Wata rana na tashi da raɗaɗi kamar an zuba min barkono, mara ta ƙulle, kowane minti goma ina hanyar banɗaki kuma ɗigo biyu ne. Na je shagonsa ina ta kame-kame, na kasa faɗa. Ya sallami kowa tukuna, ya rage murya, ya yi min tambayoyi idonsa a kan kanta, bai ɗago ya kalle ni ba ko sau ɗaya. Da zan tafi ya ce, "Malama, ki dinga shan ruwa, don Allah." Wannan kunyar tasa ce ta kama ni. Na ce a raina, ga mutumin da zai iya riƙe sirri.

Ku riƙe wannan maganar, ku ji abin da mai riƙe sirrin ya yi.

Jiya ranar asibitin Baba ce, na ɗauki izini a makaranta. Ina tsaye a falo ina goge masa farar rigarsa mai aljihu biyu, wadda yake so saboda katin asibiti yana shiga aljihun daidai, sai wayata ta yi ƙara a kan hannun kujera. Saƙo ne daga Mai Kemis.

"Malama ina kwana. Akwai maganar da nake so mu yi, amma don Allah ki fahimce ni."

Na ajiye dutsen guga. "Lafiya lau. Ina jin ka."

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Duk wadda ta taɓa zuba wa waya ido tana kallon mutum yana rubutu yana gogewa ta san yadda gaba yake faɗuwa.

"Hajiyarmu ce ta ce tunda abin Baba ya zama haka, ko za ki je a yi miki gwajin jini a ga ko na gado ne. Don hankalin kowa ya kwanta."

Na karanta sau uku. "Hankalin wa?"

"Na kowa dai. Saboda yaran da za mu haifa."

"Kai ma hankalinka a tashe yake?"

Sai ga saƙon murya ya shigo, da rubutu a ƙasansa: "Ji abin da nake fama da shi a gida, don ki san ba daga ni ba ne."

Yayarsa ce, wadda suke kira Anti Nas don ta taɓa aikin jinya shekaru kaɗan kafin ta koma sayar da kayan ɗaki. Na kara wayar a kunne. Muryarta a sake, ana jin ƙarar cokali a kofi, wato shayinta take sha tana yanka ni.

"Ka ga, ni na yi aikin nan, na san abin da nake faɗa. Irin wannan ciwon bin jini yake yi. Uba mafitsara, 'ya ma mafitsara, ai ba sai an yi maka fassara ba. Sannan tsakani da Allah, budurwar da ba ta taɓa aure ba, ciwon sanyi sau huɗu a shekara ɗaya? Kai da bakinka ka ce sau huɗu. Ni dai ban ce komai ba, amma ka tambayi kanka a ina take kwaso shi."

Sau huɗu. Mama ma ba ta san sau huɗu ba ne. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan lissafin, wanda nake raɓewa a gefen kantarsa ina yi masa raɗa.

Ƙaurin ƙuna ne ya dawo da ni. Na bar dutsen guga a kan rigar Baba, ya zana hotonsa a kan aljihu.

Mama ta fito daga kicin da gudu, Gwaggo ƙanwar Baba tana bin ta a baya. Gwaggo ta tare a gidanmu tun da aka fara zancen ciwon nan, wai ta zo taya jinya, amma har yau ban ga ta wanke ko kofin maganinsa ba, sai dai ba da umarni daga kan kujera. Na kunna musu saƙon.

Na ɗauka Mama za ta zabura. Wallahi na ɗauka za ta ce a ba ta mayafinta. Sai ta zauna a hannun kujera ta yi tagumi, can ta ce, "To ki yi musu gwajin mana, Auta. Jini ne ɗan cokali ɗaya."

"Mama! Ba ki ji abin da ta ce a kaina ba?"

"Na ji. Magana ce, iska za ta kwashe ta."

"Iskar da za ta kai ta gidan kowa a layin nan?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, abin da take yi ke nan duk lokacin da za ta yi huɗuba. "Ke 'yar nan, rage murya, ubanki yana ɗaki. Mutumin nan ba shi da buri a yanzu da ya wuce ya ji maganar aurenki ta tsaya da ƙafarta kafin a kwantar da shi a yanka. Ki rasa lokacin da za ki tayar da rigima sai yanzu? Yaro mai sana'a, mai hankali, ba ya shan komai, ba ya yawon banza. Don yayarsa ta yi suɓutar baki?"

"Suɓutar baki ta minti biyu da sakan goma, Gwaggo? Har da kurɓar shayi a tsakiya?"

"Kin ji ta ko?" Ta juya wajen Mama. "Bakin nan nata ne zai zaunar da ita a gidan nan har ta yi furfura."

Na cika na yi fam, amma na haɗiye, don na ji tarin Baba a bayan labule. Na ɗauko masa wata rigar, ruwan toka, na goge. Ni kuma na zura doguwar rigata baƙa, na yafa mayafi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Yayana ya zo da mota muka tafi.

Sashen masu ciwon mafitsara yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Kujerun roba shuɗaye a jere, yawanci dattawa ne a kai, wasu da jakar fitsari a ɓoye a ƙarƙashin riga, kowa yana yi kamar bai ga ta ɗan'uwansa ba. Baba kuwa ko a jikinsa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a kamfanin fenti yana haɗa kala, kuma har yau idan ya zauna a wuri sai ya gaya wa na kusa da shi cewa fentin bangon nan an cika masa ruwa. Jiya ma sai da ya faɗa. Dattijon da ke gefensa ya yi dariya har yana riƙe mara.

Likitar Baba doguwar mace ce, ta manyanta, tabaraunta a rataye da igiya a wuya. Ba ta da yawan fara'a amma ba ta ɓoye magana, shi ya sa nake son ta. Ta gama duba shi, ta ce Yaya ya raka shi a ɗebi jininsa na shirin tiyata. Suka fita, ni na ƙi tashi.

"Akwai wani abu ne?" ta ce.

"Likita, so nake a gwada jinina a ga ko ina da ciwon Baba."

Ta ɗago ta dube ni. "Kina ganin jini a fitsarinki?"

"A'a. Ciwon sanyi dai nake yawan yi."

"Wa ya aiko ki?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, kuma na haushi ne, na rantse. Na gaya mata komai, har saƙon na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe fuskarta ba ta motsa ba, sai da aka zo wurin "a ina take kwaso shi" ta ja wani dogon tsaki da ban taɓa zaton likita tana yin irinsa ba.

Ta jawo takarda ta zana min wani abu kamar balan-balan da ɗan bututu a ƙasa. "Wannan mafitsara ce. Wannan hanyar fitsari ce. Ta mace gajeriya ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsanki ba, shi ya sa ƙwayoyin cuta, waɗanda yawanci daga hanjin mutum kansa suke, ba sa shan wahalar hawa. Ki hana kanki ruwa, ki riƙe fitsari awa bakwai, kin ba su ɗaki da katifa. Ƙananan yara mata suna yi, tsofaffi suna yi, ni ma da nake gaya miki na yi. Wanda ya ce sai an kwaso shi a wani wuri, jahilcinsa ya faɗa miki, ba halinki ba."

Kun san yadda mutum yake ji idan an sauke masa kaya daga ka? Har wuyana sai da na ji ya saki.

"Na Babanki kuma daban ne, ba ciwon sanyi ne ya rikiɗe ya zama shi ba. Ya gaya min ya sha taba shekara goma sha biyar kafin ya bari, sannan ga sinadaran fenti da ya shaƙa rabin rayuwarsa. Duk gubar da jiki ya tace, a mafitsara take zama kafin ta fita. A hankali take lalata ƙwayoyin halittar da ke bangon wurin, har wasu su fara girma ba tsari. Wannan lalacewar a jikinsa ta faru, a wurin kaɗai, ba da ita aka haife shi ba. Abin da ba a haife shi da shi ba kuwa ba zai ba ki gadonsa ba."

"To babu na gado ke nan sam?"

"Ban ce babu ba. Akwai, amma kaɗan ne. Akwai gidajen da za ki ga ciwon daji yana bin su, na hanji, na mahaifa, wani lokaci har hanyar fitsari, kuma tun suna da ƙuruciya. A danginku akwai haka?"

Na lissafa mata. Kakana ya haura tamanin, hawan jini ne ya kwantar da shi. 'Yan'uwan Baba shida duk suna nan. Na ce, "Gwaggona ma lafiyarta ƙalau, bakinta kaɗai ya isa shaida."

Ta ɗan murmusa. "To ban ga dalilin gwada ki ba. 'Ya'yan mai irin wannan ciwon haɗarinsu yakan ɗan fi na sauran mutane, don haka kada ki kusanci taba, kuma ranar da kika ga jini a fitsari ki zo da gudu. Naman da muka ciro a jikinsa ana kan duba shi, idan ya nuna wata alama ta gado ni da kaina zan tara ku. Amma takardar da surukanki suke so, wadda za a buga mata hatimi a ce wannan yarinyar ba za ta taɓa yin ciwon daji ba, ita da 'ya'yanta, babu ita a duniya. Su ma ba su da ita."

Ta rubuta min gwajin fitsari, irin wanda ake ajiye shi kwana biyu a ga ainihin ƙwayar da ke damuna da maganin da zai kashe ta. Tana rubutu ta ce, "Duk sau huɗun nan wa yake ba ki magani?"

"A kemis nake saya."

Ta ajiye biro. "Ku gidanku ba kwa gajiya da kemis? Babanki wata goma sha ɗaya yana fitsarin jini yana shan maganin sanyi daga kemis. Da ya zo a watan farko, mai yiwuwa ta bututu za mu shiga mu kankare abin ya koma gida. Yanzu ya kama naman bango, shi ya sa muke maganar cire mafitsarar gaba ɗaya."

Wata goma sha ɗaya. Mu sati bakwai ke nan da muka sani, tun ranar da ya faɗi a banɗaki. Na san Baba yana zuwa shagon Mai Kemis, na sha ganin kwalin magani a ledar shagon a kan teburinsa, ya ce min ɗan sanyi ne. Ban san jini ba ne. Amma wanda yake miƙa masa kwalin ai ya sani.

Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Na ce wa Yaya su wuce gida zan tsaya a hanya. Na tari tasi. Duk tsawon tafiyar nan magana ɗaya ce take yi min ƙara a ka: shi, shi ne zai ce a gwada jinina?

Shagon a cike yake, rana ta take. Mata biyu a kan benci, wani mai gadi da hannu a naɗe, da maƙwabciyarmu mai ɗinki tana jiran maganin tari. Yana bayan kanta cikin farar rigarsa ta aiki, biro a aljihu, yana ƙirga ƙwayoyi a cikin 'yar leda. Da ya gan ni ya sha jinin jikinsa.

"Malama, shigo ciki mu yi magana."

"A nan zan yi ta. Ai maganata ta riga ta zaga gidanku, me ya rage na ɓoyo?"

"Don Allah, akwai mutane."

"Da kake gaya wa yayarka sau nawa na yi ciwo, ba mutum ba ce ita?"

Ya sunkuyar da kai. "Shawara na nema a wurinta kan maganin da ya kamata. Ban san za ta juya ta haka ba."

"Ka san ta shekara talatin, ba ka san za ta juya ta ba? Ta ce in faɗi inda nake kwaso ciwo, kai kuma ka ɗauko zagin ka kawo min har cikin wayata, wai in ga wahalar da kake sha. Me ka ce mata? Gaya min kalma ɗaya da ka mayar mata."

Mai ɗinki ta gyara zama, ta manta da tarinta.

"Daga asibiti nake. Gwajin da Hajiyarku take so babu shi, likita ta ce ku ma ba ku da takardar. Amma na samo wani sakamakon. Wata goma sha ɗaya Babana yana fitsarin jini, kana ɗura masa maganin sanyi! Kana zuwa gidanmu, kana zama a falonmu, kana shan ruwanmu, kana tambayarsa ya jiki. Za a cire masa mafitsara saboda kai. Sannan don rashin kunya ku ne masu tsoron jininmu? Mu ya kamata mu ji tsoron hannunka!"

Ledar ta suɓuce masa, ƙwayoyin suka watse a kan kanta suna gangarawa ƙasa. Fuskarsa ta yi wani iri. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Na jira. Wallahi na jira ya ƙaryata ni.

"Kin gama?" ya ce a hankali.

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Ba ni da ta cewa, Malama. Ki gaida Baba."

Na fito ina huci. Na wanke shi tas a gaban masu sayen maganinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin daɗi na ji.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, mai ɗinki ba ta yi sanya ba. Na tarar da Mama a tsakar gida ta ɗora hannu a ka, Gwaggo tana tafa hannu tana cewa, "Ta kashe auren, ta huta! A bainar jama'a!" Ban kula su ba, na nufi ɗakina. Sai na ji muryar Baba.

"Auta. Zo nan. Rufe ƙofar."

Yana zaune a bakin gado, ya cire hula, audugar da aka manna masa a inda aka ɗebi jini tana nan a hannunsa. Ya kashe rediyo. Baba ba ya kashe rediyo don kowa.

"Me kika je kika gaya wa yaron nan?"

"Gaskiya na gaya masa, Baba."

"Gaskiyar wa?" Ya nuna min kujera, na ƙi zama, na durƙusa a gabansa. "Sau biyu ya ba ni magani. Sau biyu tak. Zuwan farko ban ce masa jini ba ne, na ce zafi nake ji. Na biyu na faɗa masa. A take ya ce ba zai ƙara ba ni ko ƙwaya ɗaya ba, ya rubuta min takarda in kai asibiti. Na yaga ta a hanya. Sau uku yana zuwa da mota da sassafe, kina makaranta, wai ya kai ni. Na kore shi."

"To kwalayen da nake gani a ledarsa?"

"Ledar ce tasa. Maganin a wani shago nake saye, can bayan tasha, inda ba a tambaya."

"Me ya sa, Baba?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Wani abokin aikina an zura masa bututun nan ta hanyar fitsari, ya ba ni labari. Tsoro na ji. Ni da na yi shekara ashirin da bakwai a gaban injin da yake cin yatsun mutane, bututu ya ba ni tsoro. Na ce zai wuce."

"Shi kuma ya kasa gaya mana? Ya kasa gaya min?"

"Ya ce zai gaya wa yayanki. Na ce masa ranar da wani a gidan nan ya ji, ya manta da hanyar ƙofata, ya manta da ke. Ni na ɗaure masa baki. Yau ma da kika tsaya a kansa, ai kin ga bai kwance ba."

Na so in yi ihu. Wa zan yi wa? Dattijon da za a yanka nan da kwana goma sha biyu, yana zaune ya yi zuru-zuru kamar yaron da ya fasa kofi? Na tashi na fita, karo na farko a rayuwata da na bar Baba da magana a baki.

To ga ni nan. Na yi wa mutum ƙazafi a gaban jama'a, na ce ya kashe min uba, alhali shi ne ya yi ta jan uban zuwa asibiti. Wannan nauyin yana wuyana, kuma zan sauke shi a inda na ɗauke shi, a gaban kantar nan, da muryar da na yi zagin da ita. Na san da haka.

Amma kada wata ta rubuto min cewa shi ke nan, ashe bawan Allah ne, in je in durƙusa. Haushina bai tafi ba, wuri ya sauya. Wata tara mutumin nan ya san Babana yana zubar da jini. Ya fi kowa sanin abin da hakan yake iya nufi, shi ya sa ya rubuta takardar. Aka ce masa zaɓi: ko ka yi shiru ka samu yarinyar, ko ka yi magana ka rasa ta. Ya zaɓi ni. Wata tana iya cewa so ne. Ni kuwa duk lokacin da na tuna, sai in ga wata taran nan da abin yake ci a jikin Baba, mu kuma muna waya muna zaɓen kalar labulen ɗakinmu. Sirrin da ya kamata ya fasa ya riƙe shi gam, nawa da ya kamata ya riƙe ya kai wa yayarsa.

Yau da safe na kai fitsarina ɗakin gwaji, na dawo na zauna ina rubuta muku wannan. Ina tsakiyar rubutun ne saƙonsa ya shigo, na farko tun jiya.

"Muna ƙofar gida, ni da Hajiya da Anti. Baba ne ya kira mu."

Na leƙa ta taga. Ga motarsu nan. Hajiyarsu tana gyara mayafi, Anti Nas ta toshe ido da baƙin tabarau, shi kuma yana tsaye a gefe da rigar jiya, da alama bai ko canza ba. Mama tana ta kai da kawo da kofuna, Gwaggo ta sha sabon ɗauri.

Baba ya ƙwanƙwasa min ƙofa da kansa, bai aiko kowa ba.

"Auta, ni na ɓata, ni zan faɗa da bakina a gabansu. Abin da aka ce a kanki kuma sai an janye shi a falon nan kafin kowa ya sha ruwa. Amma daga nan maganar taki ce. In kin ce e, e ne. In kin ce a'a, ba mai ƙara tayar miki da ita, har gwaggonki."

Na ce masa ina zuwa.

Na ɗauko mayafina. Zan ba Mai Kemis haƙuri a kan abin da na faɗa a shago, a gaban uwarsa zan fara. Daga nan ina da tambaya ɗaya, kuma ba zan bari Hajiya ko Anti ko Baba su amsa masa ba. Ido cikin ido zan ce masa: da Baba bai faɗi a banɗaki ba, da ya ci gaba da ɓoyewa har ta Allah ta kasance, yaushe ka yi niyyar gaya min? Kafin a ɗauke shi, ko bayan na tare a gidanka?

Ga Mama nan tana kira na karo na uku. Bari in ajiye wayar.